MURYAR INNA A CIKIN GORA

Na Baiwa Gulma

*Shafi na 19*

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Masu biyo ni ta gefe da "Anti Baiwa ina ci gaba?", don Allah ku bar ni in sha iska. Wuta aka ɗauke mana a unguwa, wannan ma a shagon mai caji na tsuguna na rubuto muku shi. Ke kuma Asiya da kike ta rantsuwa wai Salwa ba za ta taɓa cutar Nazifa ba, matso kusa, yau da ke nake.

Sababbin shigowa, ga inda muke. Nazifa ma'aikaciya ce a Goran Ilimi, kamfanin da ke yi wa yaran firamare manhajar karatu a Birnin Kebbi. Da aka ga yaran ƙauye ba su sakin jiki da Hausar da ke cikin manhajar, ita ce ta roƙi mahaifinta Malam Labbo ya bar Innarta Kulsumi ta yi musu tatsuniya da waƙar ƙirga da bakin mutanen Gulma. Ya yarda da sharaɗi guda, yara kaɗai za su ji. Da Inna ta rasu da damina ya ce a goge komai. Salwa, aminiyar Nazifa kuma shugabar sashen darussa, ta dafa ƙirji ta rantse an goge. Nazifa ta ɗauki wannan magana ta kai wa Baba.

To mu je.

*

Ofishin kamfanin da ke unguwar Gesse tsit kamar an yi shara. Tun da safe kowa ya tafi Argungu bikin ƙaddamar da sabuwar manhajarsu Gora. Nazifa da ta san kowane hedimasta daga Argungu har Gulma, ita aka ce ta zauna ta tsare waya.

Abin ya tsaya mata a rai, amma ta haɗiye.

Ikrama injiniyan manhaja ne kaɗai ya rage, ya dunƙule a kujerarsa yana ta danne-danne. Gefensa ga tabulet guda da aka bari saboda fuskarta ta tsage.

"Ikrama, miƙo min in ga abin da kuke ta ɓoyo wata da watanni."

Ya ɗago a firgice. "Anti Nazifa, wannan ba ta da caji."

"Ga ta nan tana haske, ni za ka yi wa wayo?"

Kafin ya miƙa hannu ta ɗauke. Hoton gora ya fito yana lilo a kan ruwa, ƙasansa an rubuta *Saka sunanka*. Tana dariya ta rubuta nata.

Sai tabulet ta yi magana.

"Sannu da zuwa, Nazifa. Nazifa, zo ki zamna kusa gare ni mu yi karatu."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ta sulale ta zauna a ƙasa daɓas. Muryar Inna ce. Ba mai kama da ita ba, ita ce, har da yadda take jan ƙarshen magana.

Ku da ba ku san gidan Malam Labbo ba, bari in faɗa muku abin da ya sa abin ya fi ƙarfin kuka. Nazifa ɗiyar fari ce. Tun da Inna ta haife ta, bakinta bai taɓa furta sunan nan ba. In za ta kira ta sai dai "ke" ko "ɗiyar Gwaggo". Ranar da Nazifa ta gama jami'a mata suka cika gida da guɗa, Inna shigewa ɗaki ta yi wai tana tsince shinkafa. Ko a gadon asibiti da ta riƙe hannunta, "ke wagga, Allah shi yi maki albarka" ta ce. Da kunyarta ta rayu, da ita aka binne ta.

Yau ga shi wani ƙarfe ya sa ta faɗa, har sau biyu.

"Ikrama, yaushe Inna tah hwaɗi sunana kunka naɗa?"

In ran Nazifa ya ɓaci, Hausar ofis guduwa take yi, ta Gulma ta dawo.

"Ba ta faɗa ba, Anti." Ya kasa kallon ta. "Ba naɗi ba ne. Na'ura aka ba muryarta, ta saurara har ta koya. Yanzu duk abin da aka rubuta za ta faɗa da muryar."

"Duk abin da anka rubuta?"

"Komai."

"Ko zagi?"

Ya mayar da kai kan kwamfutarsa.

"Kai nika tambaya! Ko zagi?"

"Mun toshe zagi," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Ji mutum don Allah. Wai sun toshe zagi, a gode musu ke nan.

Ana cikin haka aka banko ƙofa. Salwa ce, ta sha leshi da ɗaurin da ya kusa taɓa rufin ɗaki, makullin mota a hannu.

"Ikrama, ina babbar tutar nan da muka man..."

Maganar ta maƙale. Ta ga Nazifa a ƙasa, ta ga tabulet a cinyarta.

Nazifa ta danna kawai.

"Sannu da zuwa, Nazifa..."

"Ƙawata, tsaya in yi miki bayani."

"Kin rantse min."

"Na sani, amma ki..."

"A ɗakin Inna kinka rantse min, Salwa. Ranar sadakar bakwai. Kina zaune bisa tabarmatta, kina cin tuwon gidanmu, hawaye shaɓe-shaɓe."

"Na ce na goge na cikin kwamfutata, kuma wallahi na goge. Na kamfani kuma ba ni da iko da shi."

Nazifa ta yi wata dariya mai ciwo. "Ashe haka anka koya maki rantsuwa."

Salwa ta ja kujera ta zauna, ta sassauta murya irin yadda take yi in tana lallashin masu zuba jari.

"Ki duba abin da idon basira. Mun gwada muryoyi iri-iri, yara ba sa zama. Da muka sa ta Inna, yaro sai ya gama darasi yana neman ƙari. Yara dubbai za su iya karatu ta dalilinta. Sadaka mai gudana ce fa, ladan yana isa gare ta har kabari."

"Sadaka da kayan wani?"

"Nazifa..."

"Kin tambaye ta? Kin tambayi mijinta? Ni da nike kwana ina tashi da ke cikin ofishin ga, kin tambaye ni? Don haka kunka aje ni gadin waya?"

"Oga Maiwada ne ya ce kar a faɗa miki sai an gama biki, don kin fiye ɗaukar abu da zafi."

"Ke kuma kinka ce to."

Salwa ta sunkuyar da kai tana wasa da makulli.

Nazifa ta sake danna tabulet, ta kara a kunne. Ta sake. Wani abu ne ya tsaya mata. Tsakanin "zo" da "ki zamna" akwai ɗan jan numfashi, siriri, kamar na wanda ya hau tudu.

Ta ɗago a hankali.

"Lokacin da Inna tay yi muku tatsuniya lahiyatta lau. Ba ta da wanga numfashi. Sai da ciwo yak kama ƙirjinta ta fara shi." Ta miƙe tsaye. "Ina kunka samu muryatta ta ciwo?"

Ikrama ya tashi sumui-sumui ya fice.

"Salwa, ina kunka samo ta?"

"Tatsuniyoyin ba su isa ba," in ji Salwa da ƙyar. "Na'urar tana son maganar yau da kullum. Sai muka... sai aka kawo mana saƙonnin murya da take turawa ta waya."

"Wa yak kawo?"

"Ki bar maganar nan."

"Mutum biyu Inna ka tura ma saƙo duk duniya. Ni ban ba ku ba."

"Munzali ne," Salwa ta faɗa.

Tirƙashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Munzali ƙanenta, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaron da ya gama makaranta yana zaman kashe wando a bakin tashar Gulma, ita ta yi ta safa da marwa ofishin Oga Maiwada mai kamfanin har aka ɗauke shi aikin raba tabulet a makarantu. Watan jiya da aka tabbatar masa da aiki aka ba shi sabon babur, ita ta fi kowa murna. Har dambun kifi ta yi ta raba a ofis, baiwar Allah.

"To." Nazifa ta share fuska da gefen mayafi. "Na ji. Abu guda nika roƙo, kar Baba shi ji. Ku kashe ta kahin labari shi kai Gulma."

Salwa ta ɗago, idonta ya kawo ruwa. Wannan karon ba na munafunci ba ne, tsoro ne.

"Baba yana Argungu."

"Mi?"

"Shi ne shugaban iyayen yara na makarantar Gulma, an gayyace shi. Oga ya ce... ya ce shi zai fara gwadawa a gaban jama'a. Wai karramawa ce, zai ji muryar matarsa ya yi kukan daɗi, masu kyamara su ɗauka."

Nazifa ta dafe bango.

"Sunanshi za ku saka?"

"Haka manhajar take farawa."

"Salwa, kin zo gidanmu ba sau ɗaya ba. Kin taɓa jin Inna ta ce Labbo? Mai naman bakin kasuwa ma da ad da sunan, mai sunan Malam taka ce mai! Ita za ku sa ta kira shi gatsau cikin lasifika, gaban dattawan gari?"

"Na faɗa wa Oga, ya ce wannan tsohon yayi ne."

"Tashi ki kai ni."

"Nazifa, in na shiga da ke wurin nan aikina..."

Ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta figi jaka ta yi waje, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu.

*

Ɗan kabu-kabu ya sauke ta tasha, ta tarar da motar Argungu saura mutum biyu. Ta ce wa direba ta ɗauki kujerun duka, ya ja kawai. Bayan motar buhunan albasa ne, warinsu ya cika ko'ina, ga wata tsohuwa a gefenta sai tambayar ta take ko rasuwa aka yi.

Ta kira Baba. A kashe. Dama in zai shiga taro kashe waya yake ya jefa aljihu.

Sun wuce Ambursa ta kira Munzali. Sai da ta kusa katsewa ya ɗauka, kiɗa da hayaniya na tashi bayansa.

"Adda, muna cikin taro, in an..."

"Kai kab ba su muryar Inna?"

Hayaniyar ta ragu, alamar ya koma gefe.

"Adda, wa yag gaya maki?"

"Har da wadda tat tura maka daga asibiti, Munzali? Tana nishi tana ce maka ka kai ma Baba hura gona? Ita kas sayar da babur?"

"Wallahi ba don babur ba na!"

"Don mi na?"

Ta ji yana jan hanci.

"Ke kina da haƙuri, ni ba ni da shi. Saƙonninta na saurare su har na hardace, kullum magana guda. Anti Salwa tac ce in na ba su, Inna za ta riƙa yi min sabuwar magana. Adda, kullum da sahe sai na kunna ta ta ce min sannu da zuwa. Ke ba ki son ki ji?"

Nazifa ta runtse ido. Abin haushin, tana so. Tun a ofis yatsanta ke ƙaiƙayin sake dannawa, kuma wannan ya fi komai ƙona mata rai.

"Wagga ba Inna ba ta," ta ce. "Inna ba ta kiran sunana. Ba ta kiran na Baba. Sun ɗauki muryatta sun yar da kunyatta, kai kuma kab buɗe musu ƙofa."

"Ni ban san Baba za a ba shi gwada ba sai yau."

"Wa yak kawo shi Argungu?"

Ya sake jan hanci.

"Bisa sabon babur ko?"

"Oga yac ce in ɗauko shi."

"To ka ji ni da kyau. Ka tahi yanzu ka kama hannunshi ka hitar da shi. Ka ce mai ruwa ya ɓalle ma shinkafa, ka ce mai gobara ta, ka ce na mutu. Komi za ka ce, ka ce."

"Adda, shina babban tebur, tsakanin dattawa. In na taɓa shi Oga kora ta zai yi."

"Ni da nis samo maka aikin nika ce maka ka tahi!"

"Ki yi haƙuri, Adda."

Ƙit, ya kashe.

Tsohuwar gefenta ta dafa ta. "Ɗiyata, ki yi ta salati."

Ta yi ta yi. Fadama na wucewa ta taga, shinkafa kore shar har iyakar gani, ita ba ta ganin komai sai fuskar Baba ranar da ta durƙusa gabansa a zaure. Ya ce mata, "Uwata," don haka yake kiran ta tun tana goye, "muryar matata amana ta. Ban ba kamfani ba, ban san kamfani ba. Ke nib ba." Da ta koma ta ce masa an goge, bai tambaye ta hujja ba. Allah shi yi albarka kawai ya ce, ya ci gaba da gyaran homarsa ta kamun kifi.

*

Tun daga bakin titi ake jin lasifika. An kafa rumfuna a filin wata makarantar firamare, yara sun yi layi cikin yunifom, mata gefe guda, maza gefe guda. Matan Gulma ma mota guda aka kwaso su, ga su can sun yi ɗas a kan benci.

Nazifa ta kutsa. Wani mai gadi ya tare ta, ta nuna masa katin aiki ta ture hannunsa.

Ta hango Baba.

Yana tsaye a gaban jama'a cikin farar rigarsa ta Juma'a, wadda Inna ta ɗinke wa aljihu da baƙin zare. Oga Maiwada na gefensa, makirfo a hannu, murmushi har kunne. Masu kyamara sun durƙusa a gabansu.

"Jama'a, ba mu zaɓi kowa ya buɗe mana Gora ba sai wannan dattijo, saboda wani dalili da za ku ji da kunnenku. Baba, a gaya wa jama'a suna."

"Labbo," in ji Baba. "Labbo Gulma."

"Baba!" Nazifa ta ƙwala. Tafi ya haɗiye muryarta.

Ta ga Munzali a bayan rumfa. Suna haɗa ido ya juya mata ƙeya.

Oga Maiwada ya gama rubutawa, ya kara makirfo a bakin tabulet.

Ta ruga. Mayafinta ya maƙale a kujera, ta bar shi nan.

Ba ta kai ba.

"Sannu da zuwa, Labbo." Muryar ta cika filin, ta fita har titi. "Labbo, zo ka zamna kusa gare ni mu yi karatu."

Yara suka sa tafi da shewa, su me suka sani.

Amma bencin matan Gulma salati ya ɗauka. "La'ilaha illallahu! Kulsumi ta!" Wata ta toshe kunne, wata ta ja mayafi ta rufe fuska. A babban tebur, abokan Baba da suka yi masa rakiyar gawar Inna da ƙafarsu suka sunkuyar da kai ƙasa, ba mai iya kallon wani.

Baba bai motsa ba. Leɓensa ne kawai ya yi rawa, kuma da yake makirfo na kusa, kowa ya ji abin da ya kuɓuce masa.

"Na'am."

Wallahi ni da nake rubutawa sai da na ajiye waya.

Sai ya farga. Ya dubi tabulet, ya dubi taron maza da ke sauraron matarsa, ya sa hannu ya dafe sandar rumfa. Oga Maiwada kuwa ganin idon tsoho ya cika, sai ya yafito masu kyamara su matso.

"Baba, a sake maka?"

"Wa yab ba ku?" Muryar Baba ba ta tashi ba, amma filin ya yi tsit. "Wa yab ba ku muryar iyalina?"

Murmushin Oga ya ɗan rage. Ya waiga yana neman mafita, idonsa ya faɗa kan Nazifa da ke tsaye tsakiyar fili, ba mayafi, tana haki.

"Ai Baba abin na gida ne," ya faɗa cikin makirfo. "Ɗiyarka ce ta kawo mana ita da hannunta. Ma'aikaciyarmu ce, ga ta can ma ta iso. Jama'a a tafa mata!"

Kawuna suka juyo gaba ɗaya.

Ta nemi Munzali a bayan rumfa. Ba shi, ba babur.

Baba ya saki sandar. Ya tako a hankali, jama'a na darewa, har ya tsaya gabanta. Ya daɗe yana kallon ta.

Bai ce Uwata ba.

"Nazifa," ya ce. "Ba ke kinka ce min an goge ba?"